Rancen Gida a Saudiyya: Abin da Na Gani a Teburin Lissafi

Ni haifaffen Makka ne, jikan waɗanda suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka ratsa Sudan, suka ƙetaro teku ta Sawakin. Aikin da na yi har na ajiye shi ne duba takardun masu neman rancen gida a wani banki, in lissafa abin da albashinsu zai ɗauka, in sa hannu ko in mayar. Mutanenmu da yawa sun zauna a gabana, Hausawi da Fallata da Barnawi, daga unguwannin Makka irin su Shara Mansur da Rusaifa da Hindawiyya, daga baya kuma 'yan Jidda da rusau ya tasa. Shaidar da zan bayar a kansu ce, domin abu ɗaya na ga yana ta maimaituwa: mutum ya ji iyakar da aka yarje wa banki ya cire daga albashinsa, sai ya ɗauka ita ce abin da gidansa zai iya jurewa.

Iyayenmu ba su san wannan harka ba. Ɗaki ake ɗorawa a kan ɗaki idan ɗa ya yi aure, da kuɗin adashi da abin da aka samu a lokacin aikin Hajji. Mai takardar ɗan ƙasa ya rubuta sunansa a Asusun Bunƙasa Gidaje na gwamnati, wanda aka kafa a 1974, ya jira shekara da shekaru kafin layi ya zo kansa. Dokokin jinginar gida sai a 2012 aka fitar da su. A ƙarshen 2014 Babban Bankin Saudiyya, wato SAMA, ya ce kada a ba da rance fiye da kashi 70 cikin 100 na darajar gida, ragowar 30 mai saye ya kawo daga aljihunsa. Kasuwa ta yi sanyi, domin ƙalilan ne ke da wannan kuɗi a ajiye. A 2017 aka ɗaga wa bankuna zuwa 85, a farkon 2018 zuwa 90, ga ɗan ƙasa mai sayen gidansa na farko. A 2017 ɗin ne kuma aka buɗe shirin Sakani, wato shirin gwamnati na tallafa wa 'yan ƙasa su mallaki gida, da burin kashi 70 cikin 100 na iyalan ƙasar su mallaki muhalli zuwa 2030. Ƙofa ta buɗe sosai, mutanenmu suka shiga, kuma na yi murna da hakan, don na san zafin zaman haya.

A 2018 SAMA ta fitar da ƙa'idojin ba wa ɗaiɗaikun mutane rance, kuma su ne ma'aunin da nake aiki da shi. Da farko ana duba albashi bayan an cire kuɗin fansho ko inshorar ma'aikata, a haɗa da alawus ɗin da ba ya canzawa duk wata. Rancen da ake cirewa kai tsaye daga albashi, irin na biyan buƙata, ba zai wuce kashi 33.33 ba ga ma'aikaci, 25 ga ɗan fansho. Duk basukan da ba na gida ba, mota da katin bashi da sauransu, idan an tara su ba za su wuce 45 ba. Idan aka haɗa da rancen gida, mai samun riyal 15,000 ko ƙasa da haka iyakarsa 55, sai dai idan yana cikin masu tallafin gwamnati na gidaje, to a lokacin ana iya kai shi 65. Mai samun tsakanin 15,000 da 25,000 iyakarsa 65. Wanda ya kai 25,000 an bar wa banki ya auna shi da tsarinsa. Banki yana da damar ya tsaya ƙasa da waɗannan, ba shi da damar ya haura.

Akwai ƙananan abubuwa da ke ba mutane mamaki a nan. Kuɗin shiga na gefe, kamar hayar shago, rabinsa kawai ake lissafawa, shi ma sai ya bayyana a takardar asusun banki na shekara biyu. Ribar da mutum yake samu a hannu lokacin Hajji da Ramadan, ta abinci ko jigilar alhazai, idan ba ta bi ta asusu ba babu ita. Tallafin Hisabul Muwaɗin, kuɗin da gwamnati ke ba iyalan 'yan ƙasa don rage musu tsadar rayuwa, ba ya shiga lissafi. Katin bashi kuwa ko a aljihu yake kwance ba a taɓa shi ba, ana ɗora wa mutum mafi ƙarancin biyan wata na iyakar katin gaba ɗaya. Duk wannan yana fitowa a rahoton Simah, kamfanin da ke riƙe tarihin bashin kowa, har da kuɗin waya da aka ƙi biya aka manta da shi. Don haka kafin mutum ya je banki ya ciro rahotonsa da kansa, ya rufe katin da ba ya buƙata, ya karɓi takardar shaidar an rufe, ya jira a sabunta bayanan.

Ga misali da adadi, irin wanda ya fi yawa a teburina. Ma'aikacin kamfani, albashinsa riyal 12,000: tushen albashi 9,000, alawus na gida 2,250, na sufuri 750. Inshorar ma'aikata tana cin kashi 9.75 na tushe da alawus na gida, wato kusan 1,100. Abin da ke shiga asusunsa 10,900. Kashi 55 na wannan ya kama kusan 6,000, kashi 65 kuma 7,085. Ya ga shigga, wato sashen zama a cikin bene, ta riyal 800,000, zai kawo kafin alƙalami 80,000, banki ya ba da 720,000 na shekara 25. Mu ƙaddara ribar shekara kashi 6 a kan abin da ya rage na bashin. Biyan wata zai kama kusan 4,640. Yana da mota da yake biya 1,300. Jimla 5,940, kashi 54 da rabi. A takarda ya tsallake, babu dalilin da zan ƙi sa hannu.

Abin da ya rage masa 4,960 ne, kuma a nan nake ajiye alƙalami in tambaye shi abin da takarda ba ta tambaya ba. Mutum nawa ke ci daga tukunyarka? Sau da yawa amsar ta haura takwas: mata, 'ya'ya biyar, gyatuma, ƙanwa da aurenta ya mutu ta dawo da ɗanta. Wutar lantarki halala 18 ce (halala ɗari ke yin riyal ɗaya) kowane kilowat-awa har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura 30, ga harajin kaya na kashi 15 da ke kan kusan komai tun 2020, kuma wanda ya san zafin Makka ya san na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa daga Mayu zuwa Satumba. Ga mai, ga ruwa, ga kuɗin ƙungiyar masu gini na gyaran lif da tankin ruwa da mai gadi. Ga abin da babu bankin da ya san da shi: baƙi daga Kano da Damagaram da Sakkwato da ba a rufe musu ƙofa, gudummawar biki da ta rasuwa, kawun da ba shi da takardar ɗan ƙasa wanda ake haɗa masa kuɗin igama, wato takardar izinin zama ta baƙo, da na asibiti, da ɗan abin da ake aika wa dangi a gida. Wannan duka ba almubazzaranci ba ne, da shi muka rayu a ƙasar nan tun zamanin kakanni. Amma kuɗi ne, kuma daga cikin 4,960 ɗin nan zai fito.

Ra'ayina, bayan abin da na gani, shi ne duk abin da muhalli ke ci kada ya wuce sulusin abin da ke shiga hannu. Idan na ce muhalli ina nufin biyan wata da wuta da ruwa da kuɗin gini da ɗan abin da ake warewa don gyara. Ga mutumin misalinmu sulusi 3,630 ne. A cire 600 na hidimar gida, ya rage kusan 3,000 na banki, wanda a wannan riba da waɗannan shekaru rancen kusan 465,000 yake ɗauka, wato gidan da bai fi 520,000 ba. Na san abin da za a ce: ina gidan 520,000 a kusa da Harami? Babu. Sai an fita unguwannin gefen Makka, Shara'i ko Nawwariyya ko Waliyul Ahdi, a rage ɗaki ɗaya, a haƙura da babban majalisin baƙi. Wanda ba shi da wani bashi ko kaɗan kuma iyalinsa ba su da yawa zai iya kai kashi 40. Wanda ya haura haka yana tafiya ne kamar jakin da aka yi wa lodi daidai ƙarfinsa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, ba a yi tunanin tudu ba. Idan Sakani tana ba shi tallafin wata, ya lissafa shi, amma ya karanta sharaɗin tsayawarsa, ya kuma ga ko zai iya numfashi idan ya yi jinkirin shigowa.

Wani magidanci, sa'an ɗana, ya taɓa zuwa da mahaifiyarsa. Ta zauna a gefe riƙe da jakar leda, a ciki akwai takardun tsohon gidansu da aka rushe. Na juya masa allon kwamfuta ya ga lissafin, ya ce, "Kawu, ai an ce har 65 ana bayarwa." Na ce, "Ana bayarwa, ɗana. Rubuta mini a bayan takardar nan abin da ka kashe watan jiya." Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa, sai ga 6,200 ban da haya. Abin da rancen zai bar masa bai kai 4,000 ba. Mahaifiyar ce ta yi magana, ta ce, "Malam, gaya masa gaskiya, ni ɗaki ɗaya ya ishe ni." Sun sayi ƙaramar shigga a wajen gari.

Kafin alƙalami ma ba kashi 10 kaɗai ba ne. A gidan 800,000 la'adar dillali kashi 2.5 ce, 20,000, da harajinta 3,000. Kuɗin hidimar banki kashi 1 na rancen ne ko 5,000, wanda ya fi ƙanƙanta. Harajin cinikin gida kashi 5 ne tun Oktoban 2020. Gwamnati tana ɗauke wa ɗan ƙasa na gidansa na farko har zuwa darajar miliyan ɗaya, amma sai ya ciro takardar shaidar hakan kafin a yi canjin suna, wanda kuma ba gidansa na farko ba ne zai biya 40,000. Sai babbar matsala, kimantawa. Banki yana aika masu kimanta gida, kuma kashi 90 ɗinsa a kan kimarsu yake idan ta gaza farashin ciniki. Idan suka ce gidan 750,000 ne, banki zai ba da 675,000, mai saye ya nemo 125,000 a maimakon 80,000. Mutane da yawa sun riga sun ba mai gida kuɗin kamu kafin wannan ta fito. A rubuta a takardar kamun cewa idan banki bai amince ba ko kima ta gaza, kuɗi zai dawo. Ban da haka akwai na'urorin sanyi, kicin, labule da ɗaukar kaya, waɗanda ba su taɓa zuwa da arha ba.

Abin da ya fi karya mutane shi ne cin rancen biyan buƙata don a haɗa kafin alƙalamin. Irin wannan rance wa'adinsa ba ya wuce shekara biyar, saboda haka biyansa mai nauyi ne: 100,000 tana iya kama kusan 1,900 a wata. Banki zai tsara maka biyan gida ya yi sauƙi a shekaru biyar na farko, ya hau bayan an gama wancan, ta yadda jimlar kullum tana manne da iyaka. Ma'anarsa shekara ashirin da biyar ba ka da rarar da za ka tari wata lalura. Wanda bai iya tara kashi 10 a cikin shekara uku ko huɗu ba, albashinsa ya riga ya faɗa masa abin da zai faru. Gwajin da nake ba kowa mai sauƙi ne: idan hayarka 2,000 ce a wata kuma biyan gida zai zama 3,500, to ka riƙa ware bambancin 1,500 ranar da albashi ya shigo, wata shida a jere, ba tare da ka taɓa ba. Idan ka iya, ka samu ƙarin kafin alƙalami. Idan ka kasa, ka gane tun ba ka sa hannu ba.

Sai batun riba, inda ake yawan ruɗa mutane da ƙaramin adadi. Ma'aikacin talla zai ce maka kashi 3.7. Wannan a kan asalin kuɗin gaba ɗaya ake lissafa shi kowace shekara, kamar ba ka taɓa biyan komai ba: 720,000 sau 3.7 cikin ɗari sau 25, ya ba da 666,000. Daidai yake da kusan kashi 6 a kan abin da ya rage. Doka ta wajabta a rubuta ainihin kason shekara a kwangila, wanda ya haɗa da kuɗin hidima, kuma da shi kaɗai ake gwada tayin banki biyu. Tsawon wa'adi ma haka. A misalinmu shekara 20 biyan wata 5,160 ne, riba kusan 518,000. Shekara 25, riba kusan 672,000. Shekara 30 biyan wata ya sauko 4,320, riba ta haura 830,000. Sauƙin riyal 320 a wata, farashinsa ya fi 160,000.

Kwangila iri biyu ce ta fi yawa. A murabaha banki ya sayi gidan ya sayar maka da riba sananniya, gida da sunanka, an yi jinginarsa, biyan wata a tsaye. A ijara gidan yana hannun mai ba da kuɗin, kana haya har ka gama a mallaka maka, kuma sau da yawa ribar tana bin ma'aunin Saibor, wato kuɗin ruwan da bankunan Saudiyya ke ba juna rance da shi, ana sake duba ta lokaci-lokaci. A 2021 Saibor na wata uku bai kai kashi 1 ba, a 2023 ya haura 6, saboda riyal a ɗaure yake da dala, abin da Amurka ta yi da kuɗin ruwa shi ake bi a nan. Waɗanda suka ɗauki mai canzawa a lokacin arha sun ji a jikinsu. Bambancin kashi 4 da kashi 7 a rancen 720,000 na shekara 25 shi ne 3,800 da kusan 5,090. Mai albashin da ba ya ƙaruwa ya nemi riba tsayayya ko da ta ɗan fi tsada a farko. Hukuncin shari'a na kowace kwangila kuwa a kai wa malami kwangilar kanta ya karanta, kada a tambaye shi da baki.

Wanda ya haura shekara arba'in ya lissafa ritaya. A tsohon tsarin inshorar ma'aikata, fansho shi ne matsakaicin albashin shekara biyu na ƙarshe, sau watannin aiki, a raba da 480. Wanda ya yi shekara 25 zai samu kashi 62.5. A kan 11,250 ya kama kusan 7,030, kuma biyan 4,640 ya zama kashi biyu cikin uku na abin da yake samu, a shekarun magani da aurar da 'ya'ya. A nemi jadawalin biya tun daga watan farko har na ƙarshe, a duba layin da ritaya ta faɗa. Doka ta ba da damar biyan bashi kafin wa'adi, abin da banki zai ƙara bai wuce ribar wata uku masu zuwa ba, sai dai kwangilar gida tana iya hana hakan a shekara biyu na farko. Kuɗin sallama daga aiki nan ne wurinsa mafi amfani.

Haɗa albashin miji da mata yana ɗaga abin da za a bayar, kuma halas ne a tsari, amma a rubuta rabon kowa a takardar mallaka. A kuma lissafa a kan albashi ɗaya da rabi, saboda haihuwa da jinyar iyaye suna tsayar da aikin mace ba da shawara ba.

Akwai wani abu da ya keɓanta da mu, kuma yana ci mini rai. Gida ɗaya za ka samu wani ɗan ƙasa ne, ɗan'uwansa igama gare shi. Sai a ce a sayi gida da sunan mai takarda, na igama ya riƙa biya a ɓoye. A gaban hukuma gidan na wanda sunansa ke takarda ne. Idan ya rasu ya shiga gadon 'ya'yansa, idan aka bi shi wani bashi ana iya kamawa, shi kuma ya ƙone damarsa ta gidan farko da tallafinta, bashin yana kan Simah ɗinsa ya tare masa hanya. Na ga zumuncin shekara hamsin ya watse a kan wannan, tsakanin mutanen da babu maci amana a cikinsu, mutuwa ce kawai ta shigo. Tsohuwar doka ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallaka a Makka da Madina in ba ta hanyar gado ba. An amince da sabuwa a 2025, mai aiki daga farkon 2026, da yankuna da sharuɗɗa na musamman ga biranen biyu. Mai igama ya bi ta wannan ƙofa da sunansa, ya tambayi hukumar gidaje abin da ya shafi unguwar da yake so.

Mafi yawan masu igama dai haya suke yi, kuma ma'aunin sulusi ya fi matse su. Tun Yulin 2020 kuɗin zama na kowane mutum da ke ƙarƙashin ma'aikaci baƙo riyal 400 ne a wata, ban da waɗanda doka ta ɗauke wa. Mata da 'ya'ya huɗu 2,000 ke nan, 24,000 a shekara. Ni a kuɗin muhalli nake sa shi, domin farashin zaman iyali ne a ƙasar. Mai albashin 6,000 da ke biyan hayar 24,000 a shekara, kashi biyu cikin uku sun tafi kafin a sayi shinkafa. Bayan rusau ɗin Jidda da ya fara a ƙarshen 2021, a Guleil da Petromin da Sabil da Karantina, haya ta tashi, mutanen da suka saba da ɗakin arha suka faɗa wannan rami. A Riyad an dakatar da ƙarin haya na shekara biyar daga Satumban 2025, amma wannan na Riyad ne. Duk inda mutum yake, kwangila ta bi ta Ejar, shafin gwamnati na rajistar haya, biya ma ta bi ta can, a nemi mai gida ya yarda da biyan wata-wata ko na wata uku a maimakon shekara ɗungurungum, don kada a ci bashi a biya haya.

Idan aka riga aka shiga kuma abu ya karye, kamar a rasa aiki ko a yanke alawus, kada a jira biyan wata ya wuce. A je banki da takardar da ke nuna canjin, a rubuta buƙatar sake tsara bashin, a karɓi lambar buƙatar. Ƙa'idojin SAMA sun wajabta wa banki ya ba da wannan dama idan canjin ba da zaɓin mutum ya zo ba, ba tare da ƙarin kuɗin hidima ba. Ɗan ƙasa da aka sallama daga kamfani ya nemi Sanid, inshorar rasa aiki, wanda ke biyan kashi 60 na albashi a wata uku na farko, sannan 50, har zuwa wata goma sha biyu. Idan banki ya yi shiru a kai ƙara SAMA da waccan lamba. Iyali kuma su san inda kwangilar take, domin galibin rancen gida yana da sharaɗin yafe ragowar bashi idan mai shi ya rasu ko ya nakasa gaba ɗaya, kuma ana ƙin biya idan aka gano ya ɓoye wata cuta a takardar lafiya da ya cike ranar sa hannu. Mai ciwon suga ko hawan jini ya rubuta shi a wannan takarda, ko da zai jawo a tura shi gwajin asibiti kafin a amince.